Marin da Ya Ceci Kan Piers Wenholt

Akwai wani basarake a can arewacin Ingila mai suna Piers Wenholt, zamanin da gidaje biyu ke yaƙi a kan gadon sarauta.

A gidan manya a lokacin, a kan faifan busasshen burodi ake zuba nama. Mai sarauta ya ci naman, ya ture burodin gefe. Cin burodin da ya zama farantinka abin kunya ne, na talakawan da ke jira a ƙofa ne.

Piers yana da wata ɗabi'a. Kullum sai ya bar tsoka mai kyau a kan nasa, ya kuma hana a jefa wa karnuka ko ɗaya. Ƙanensa Gervase yakan tsokane shi: "Yaya, karnukanka sun rame, talakawanka na tumbi. Ranar farauta sai ka saki tsofaffin ƙofa su kamo maka barewa."

Piers sai ya yi murmushi kawai.

To, duniya rawar 'yan mata ce. Sarkin da Piers ke bi ya sha kashi a fagen daga. Gervase ya mutu a can. Aka ba wani baƙo daga kudu gidan da gonakin, aka yi shela cewa duk wanda ya kawo kan Piers zai sha lada.

Piers ya ɓuya a daji har gemu ya rufe masa fuska. Da sanyi ya tsananta, yunwa ta koro shi. Ya yafa tsohon bargon makiyayi, ya shiga layin talakawa a ƙofar gidansa na da.

Sojojin baƙon ba su san fuskarsa ba. 'Yan ƙauye kuwa duk sun gane shi, amma ko mutum ɗaya bai ɗaga kai ba.

Aka miƙo masa burodi da ɗan guntun nama a kai. Ya tsince naman da yatsu uku, ya ci. Sannan hali zanen dutse, sai ya ture burodin gefe.

"Kai, mai bargo!" in ji wani soja, hannunsa a kan takobi. "Wane irin talaka ne ke raina burodi? Buɗe fuskarka!"

Kafin Piers ya motsa, wata tsohuwa mai wanki da ake kira Annot ta zabga masa mari, tas!

"Shashasha! Yau ma abin ya motsa?" Ta juya ga sojan. "Ɗana ne, yallaɓai. Tun da doki ya harbe shi a ka yake ganin shi basarake ne. Jiya ma cewa ya yi in wanke masa ƙafa."

Sojoji suka kwashe da dariya. Ɗaya ya rusuna: "Ranka ya daɗe, a taimaka a cinye farantin mana!"

Piers ya ɗauka ya gatsa. Kamar dutse. Ya tauna yana hawaye, suna ta shewa, har ya cinye. Annot ta ja kunnensa suka wuce. A rumbun ciyawarta ya yi sanyin wannan shekarar, kafin masunta su tsallakar da shi teku.

Bayan wasu shekaru mulki ya sake juyawa, aka mayar wa Piers da gidansa. Ranar farko ya aika a kira Annot. Ta zo ta zube a gabansa.

"Ranka ya daɗe, marin nan..."

"Tashi, Inna," in ji shi, ya kamo hannunta ya zaunar da ita kusa da shi a teburin manya. "Wannan hannun ne ya bar min kaina a wuyana. Amma ladan da aka sa ya ishe ki har ƙarshen rayuwa. Me ya hana ki tona ni?"

"Shekarar da hatsi ya ruɓe a gona, jikokina biyu da naman da kake mantawa a faranti suka rayu."

"Ba mantawa nake yi ba."

"Mun sani, ranka ya daɗe. Duk layin nan mun sani."

Piers ya sunkuyar da kai yana gode wa Allah. Da ya ɗago sai ya kira mai gashin burodi.

"Daga yau, kowa a ƙofa a ƙara masa sabon burodi mai zafi. Na ɗanɗana abin da muke ba su. Saura kaɗan in bar haƙorina a ciki."

Annot ta share ido ta ce, "Ni nawa haƙoran tuni suka tafi, ɗana."

Darasi: Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Waɗanda kake ganin ba su da abin saka maka suna lura, kuma ba sa mantawa. In akwai wanda ya taɓa rufa maka asiri ranar da ba ka da kowa, ka neme shi ka gode masa tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.