Manomin da Ɗansa Ya Ƙi Hannunsa

A wani ƙauye an yi wani manomi mai rumbu uku da garken awaki. Matarsa ta haifa masa ɗa namiji, ɗansu na fari, amma kafin yaron ya cika wata huɗu zazzaɓi ya kama ta, ta rasu. Sai aka aika wa gwaggon manomin, ƙanwar ubansa, wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da mutuwa, ta zo ta karɓi reno.

Da madarar akuya tsohuwar ta fara, daga baya ta koma koko mai ruwa-ruwa. In yaron ya yi kuka, sai ta ajiye abin da take yi, ta taho tana jan ƙafa, gama gwiwarta ɗaya ba ta da lafiya. Ta ɗauke shi, ta ba shi, ta goya shi. Da farko kokon ne yake sa shi yin shiru. Da kwana ya yi kwana, tun kafin ludayi ya kai bakinsa, da ya ji jan ƙafarta a tsakar gida sai kukan ya tsaya.

Shi kuwa manomin yana kunyar ɗan fari, kamar yadda ya ga iyayensa sun yi. Bai taɓa ɗaukarsa ba, ba ya kiran sunansa. In yaron ya rarrafo ya kama ƙafarsa, sai ya janye, ya ce, "Gwaggo, zo ki ɗauke abinki."

Da yaron ya kai shekara ɗaya da rabi, manomin ya kira gayyar girbin dawa. Ana cin tuwo a inuwa, sai taubashinsa, wato abokin wasansa na dangi, ya ce, "Kai mai rumbu uku, an ce yaron nan ya fi sanin akuyarka a kanka."

Manomin ya ce, "Jinina ne. Yaya ba zai san ni ba?"

Ya miƙa hannu a gaban mutane ya ce, "Zo." Yaron ya dube shi, ya ƙwalla ƙara, ya ruga ya cusa fuskarsa cikin zanen tsohuwar. Aka fashe da dariya.

Manomin ya husata ƙwarai. Ya ce tsohuwar ta ba ɗansa wani abu ta shanye shi. Kashegari ya ɗaure mata kayanta, ya mai da ita ƙauyensu, ba ko na gode. Maƙwabciya ta dama koko, yaron ya kau da kai. Kwana uku yana zaune a bakin ƙofa, tun yana kuka har muryarsa ta dushe, idanunsa suka faɗa. Da manomin ya ga yaron zai mutu, sai ya bi tsohuwar.

Ta ce, "Me na ba shi? Koko na ba shi. Duk kukan da ya yi a gidanka, sau nawa ka tashi? Zan koma, amma ka zauna a tabarma kusa da ni, ina riƙe da shi, kai kana ba shi da ludayi, har ya saba da hannunka. Ni na kusa kabari, ɗana."

Manomin ya ce, "Haba Gwaggo, ɗan fari? Mutane su ce me?"

Tsohuwar ta koma, yaron ya ci, ya rayu. Uban bai zauna a tabarmar ba ko sau ɗaya. Bayan shekara biyu ta rasu. Yaron ya girma yana durƙusa wa ubansa, yana yi masa noma, amma ko ƙaya ce ta soke shi, gidan maƙwabta yake kai ƙafarsa.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Jariri bai san jini ba, bai san wanda ya cika rumbu ba. Allah ya yi shi yadda zai koyi ƙauna kamar yadda yake koyon tafiya, kaɗan-kaɗan. Hannun da ya zo da abinci yau, ya zo gobe, ya zo jibi, shi ne zai zama masa wurin gudu, har ya so hannun ko ba abinci a ciki.

Abin yana ƙona mini rai, domin manomin nan yana zaune a cikinmu a nan coci kowace Lahadi. Kun ji kunyar 'ya'yanku, ba ku ji kunyar kukansu ba. Kun bar wa tsofaffi wahalar, sa'an nan ranar da yaro ya guje ku, su kuke zargi. Ku kuma kuke koya wa yaran nan su kira Allah Uba. Yaron da bai taɓa kiran uba ya zo ba, me zai ji in ya faɗi wannan suna cikin addu'a?

Ubanmu na sama ba ya janye ƙafa in muka rarrafo. Wanda yake da jariri a gida, in an tashi sujada, ya je ya ɗauke shi. Zai yiwu ya yi kuka. Ka sake ɗaukarsa gobe.