Ruwan da Ya Sauka a Kan Aji Huɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai nake farawa, tsira da amincinsa su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina so in ajiye shaida a kan malaminmu, Shehin malami, alimi, wara'i, mai tsantseni, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya haddace Littafi tun yana ƙarami, ya zurfafa a fiƙihu da lugga har manya suna kawo masa fatawa, amma duk da haka ya zaɓi ya ƙarar da ƙarfinsa a cikin ajin yara, tsakanin ƙurar alli da majina. Ni tsohuwa ce mai ɗinki, ban taɓa zama gaban malamin boko ba. Da littattafan 'ya'yana na koya wa kaina karatu bayan na tsufa, ina tambaya ana yi mini dariya ina ƙara tambaya. Saboda haka ba a ruɗa ta da rawani ko da zaƙin baki, kuma abin da idona bai gani ba ba zan rubuta shi a nan ba.

Ina da jika mace, 'yar ɗana na fari, sunana aka sa mata, don haka takwara nake ce mata. A makarantarsu akwai wani tsari da suka gada tun kafin a haife ta: ana zaunar da yara ne bisa sakamakon jarrabawa. Na ɗaya a bencin gaba dab da allo, na biyu a gefensa, haka har a kai ga na ƙarshe, can baya kusa da tagar da ke kallon titi, inda manyan motoci ke wucewa, injin niƙa kuma yana kuka tun safe. Takwarata ta faɗi jarrabawar farko aka kai ta baya, daga nan ba ta sake tasowa ba. Malamai suka ce daƙiƙiya ce, a gida aka ce taurin kai ne, don sai a kira ta sau uku ba ta waiwayo ba. Ni dai na ƙi yarda, domin yarinyar da za ta tsaya ta kalle ni sau ɗaya ina yanka hannun riga, washegari ta ɗauki tsumma ta yanka irinsa, ba a kiranta daƙiƙiya a gabana. Amma ban san mene ne ciwon ba.

Babanta direban motar kaya ne, mutum mai saurin yanke magana. Ya same ni a shago ya ce, "Inna, yarinyar nan ɗumama benci kawai take yi. In ta sake faɗuwa bana na cire ta, ki koya mata ɗinkin kawai a huta."

Na ce, "Ɗinki zan koya mata ko ka so ko ka ƙi. Amma ni na san yadda ake kai wa yaro ƙarami takardar asibiti a ce karanta mini. Ba za ta yi wannan ba ina raye."

Ya ce, "To, bana dai ce ta ƙarshe."

A shekarar ce aka ba Malam, Allah Ya saka masa da alheri, aji huɗu. Makon farko yaran suka dawo gida suna cewa sabon malami bai koyar da komai ba, sai hira da wasa. Ashe kallonsu yake yi ɗaya bayan ɗaya, yadda mai sayen yadi yake ɗaga shi ga haske. Bayan nan sai ga shi a ƙofar shagona da la'asar, ya yi sallama, ya ƙi zama kan kujera sai da na matsa masa.

Ya ce, "Inna, takwararki ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi tana ƙarama?"

Na ce, "Ta yi, har muka fid da rai. Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba kowa. Na ga in ana magana baki take kallo, ba ido ba, kuma kullum kunnen hagu take karkatowa. Ba ta ji sosai ne, Inna. Kanta lafiya lau."

Na ajiye almakashi. Na ce ya yi mata addu'a kunnen ya buɗe. Ya ce zai yi, amma a kai ta wurin likitan kunne, shi kuma zai gyara abin da ke hannunsa. Da na gaya wa babanta, sai ya ce malamai ba sa rasa abin faɗa, ai tana jin kiran abinci.

Abin da ke hannun Malam kuwa ya gyara shi. Ya sa aka kwashe bencina daga layi aka jera su zagaye kamar bakin kwarya, ba gaba ba baya, kowa yana ganin fuskar kowa. Ya daina magana yana fuskantar allo: sai ya rubuta, ya juyo, ya jira idanu su taru a kansa, sannan ya buɗe baki. Ya sa kowane yaro ya riƙe ɗan allo na hannu, in an yi tambaya kowa ya rubuta amsarsa ya ɗaga, don kada masu baki su cinye ajin. Ya koya musu ishara: tafin hannu a buɗe yana nufin ban gane ba a maimaita, yatsa a kan kunne ban ji ba. Kuma bai ce don wance ake yi ba, ya mai da shi dokar kowa.

Ba takwarata kaɗai ya duba ba, kada a ce son kai ya sa nake yabo. Akwai wata da ake kira Tsalle, wadda ba ta iya zama ko na tsawon tafasar ruwa, a da bulala ce abincinta. Malam ya ɗora mata rabon alli da goge allo, lissafinta kuma da taku take yi daga bango zuwa bango. Akwai mai in'ina, wanda Malam ya bari ya fara karatu cikin jama'a, muryarsa a ɓoye cikin ta sauran, har harshensa ya saki. Akwai 'yar mai kantin magani, wadda take gama aiki kafin wasu su fara. Ita yakan ba ta tambaya mai wuya ta daban, in ta gama ya ce ta koya wa na kusa da ita ba tare da ta faɗa masa amsa ba. Na taɓa tambayarsa ko bai gajiya da dafa darasi ɗaya kala huɗu. Ya yi murmushi ya ce, "Ke riga ɗaya kike yanka wa kowa, Inna?"

Kafin zango ya raba, takwarata ta fara karanta mini rubutun da ke jikin buhuna a hanya. Amma ba kowa ne ya ji daɗi ba. Matar mai kantin magani ta tara wasu iyaye suka je wa shugaban makaranta, ta ce 'yarta da guminta ta ci bencin gaba, yanzu an zaunar da ita kafaɗa da kafaɗa da 'yan baya, aji ya koma dandalin wasa. Ba na zaginta, uwa ce, nata take karewa. Shugaban makaranta mutum ne mai tsoron hayaniya, sai ya kai maganar ofis. Ofis suka ce za su turo mai duba makarantu ya gwada yaran da kansa, a kan tsohon tsari: a mai da bencina layi, kowa a mazauninsa na bara, shi ya riƙa karanto tambaya da baki yana zagayawa. In ajin ya gaza, Malam ya bar sabon salonsa. Ɗana kuma da ya ji, ya ce ya yi daidai, ranar za a san gaskiya.

Ana gobe gwajin na je na sami Malam, raina a ɓace. Na ce, "Allah gafarta Malam, za ka bari a mai da takwarata bakin taga, mutum yana magana ta ƙeyarta? Ai an kashe ta tun kafin a fara."

Ya ce, "Na roƙi mai dubawar ya bar ta a gaba, ya ce ƙa'ida ba ta da ɗan gida. Ba mugu ba ne, bai sani ba ne." Sannan ya ce, "Gobe ki zo, ki taho da babanta. Ki riƙo laima."

Na dubi sama. Ba lokacin ruwa ba ne, an yi watanni ba a ga ko ɗigo ba, sararin nan fes kamar an wanke. Na ce a raina karatu ya fara taɓa bawan Allah. Amma na riƙo laimar, ɗana yana yi mini tsiya a hanya, wai ko rana ce zan yi wa gori.

Mun isa da hantsi. Ta taga na hango Malam a kusurwar aji a kan ɗan buzunsa yana sallar walha, ya daɗe a sujada ta ƙarshe fiye da yadda na saba gani, sannan ya miƙe ya naɗe buzun, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Iyaye muna baranda. Mai dubawa ya shigo, dattijo mai tsabta, da takarda a hannu. Takwarata tana can baya, ta ƙanƙame allonta. Ya karanto tambaya ta farko yana tafiya tsakanin layuka, bayansa gare ta. Yara suka duƙa suna rubutu, ita tana miƙa wuya tana neman bakinsa. Ya karanto ta biyu. Allonta fari fat. Ɗana ya zaro makullin motarsa ya ce, "Inna, kin gani da idonki. Ni zan tafi, ina da lodi."

Bai sauka daga baranda ba sai haske ya dushe, iska mai sanyi ta bugo, kafin wani ya ce wani abu ruwa ya ɓarke. Ajin rufin kwano ne ba silin. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano ana ruwa irin wannan ya san abin da nake faɗa: ko wanda ke jikinka ba ka jin maganarsa. Mai dubawa ya ɗaga murya, ya ƙara ɗagawa har jijiyoyin wuyansa suka fito, bakinsa yana motsi ba abin da ke isa kunnen kowa. Sai na ga yaran nan, ba wanda ya umarce su, sun ɗora yatsa a kan kunne, aji guda, har 'yar mai kantin magani da ke gabansa, hawaye na zubo mata don ba ta taɓa rasa tambaya ba.

Dattijon ya tsaya yana kallonsu. Ya juya wajen shugaban makaranta ya yi magana, shugaban ya karkato kunne ya girgiza kai. Ya jira ruwan ya sassauta, ruwan ya ƙi. A ƙarshe ya miƙa wa Malam takardar. Malam ya zana da'ira a iska da yatsa, yara suka ja bencina zagaye cikin ƙiftawar ido. Ya rubuta, ya juyo, ya nuna, alluna suka tashi sama. Gwaji ya ci gaba a cikin wannan rugugi kamar ba abin da ke faruwa, mai dubawa yana bi yana duba amsoshi.

Daga baya dattijon ya karɓi takardarsa, ya zo tsakiyar da'irar ya tsaya, ya faɗi tambaya da bakinsa a hankali ba tare da ya rubuta ba. Yara suka kalli juna. Allo ɗaya ne ya tashi, na takwarata, domin ita kaɗai ce ruwan bai rage wa komai ba. Ya duba, ya sake yin wata, ta sake ɗagawa. Tana sauke allon ruwan ya ɗauke, ɗauka ɗaya, har ana jin ɗigar indararo.

A cikin shirun nan mai dubawa ya dubi Malam ya ce, "Malam, tun yaushe yarinyar nan take zaune cikin wannan ruwan?"

Malam ya ce, "Tun tana ƙarama, ranka ya daɗe."

Dattijon ya ninke takardarsa ya ce wa shugaban makaranta a bar bencina yadda suke. Takwarata ba ta zo ta ɗaya ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri, a tsakiya ta faɗo, 'yar mai kantin magani ce ta ɗaya kamar kullum. Amma ta ci.

Ni ba na karɓar abu ba bincike. Muna fita na bi jikin katangar makaranta da ƙafata. Farfajiya ta cika da ruwa har idon sawu, amma daga bakin titi zuwa can ƙasa a bushe take ƙamas, mai injin niƙa yana shanya a waje bai ko kwashe ba. Motar ɗana tana tsallaken titi da ƙurarta. Ya shafa gilashin da yatsa, ya daɗe yana kallon yatsan, rigarsa a jiƙe sharkaf. Sannan ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Inna, a ina aka ce likitan kunnen yake zama?"

Ya kai ta da kansa a makon. Kunnen dama bai dawo ba, wanda ya ce maka ya dawo ƙarya yake yi, na hagu aka sa wa na'ura. Ba a sake tayar da maganar cire ta ba.

Da na koma yi wa Malam godiya na ambaci karama, sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Ruwa na Allah ne, Inna. Ni dai na roƙa a ji abin da take ji, ko na ɗan lokaci." Ya roƙe ni kada in yayata. Na ce masa a wannan kam ba zan yi biyayya ba, sunansa kawai zan ɓoye.

Ya Allah, Ka ƙara wa wannan bawa Naka daraja, Ka tsawaita kwanansa cikin lafiya da ɗa'a, Ka haskaka kabarin iyayen da suka haife shi da malaman da suka karantar da shi. Ka yawaita irinsa a cikin azuzuwan 'ya'yanmu, Ka ba su haƙurin duba kowane yaro da idon rahama. Mu kuma da muka tsaya a barandarsa, Ka sa albarkarsa ta same mu da zuriyarmu, Ka cika mu da imani. Amin.