Kilomita Shida a Ƙofar Gidan Inna

Haladu direban tirela ya ratse daga hanyar Funtuwa don ya gaida mahaifiyarsa, sai mitar motar ta tona masa asiri.

Manajan kamfani ya ce, "Kilomita shida ka ƙara mana. Ka dawo da su yanzu, ko ka ajiye makulli."

"Ranka ya daɗe, a ƙofar gidan Inna na baro su. A ba ni mota in kwaso."

"Ka sake ƙara wasu shida? Na sallame ka."

Haladu ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ya miƙa makulli, ya samu benci ya zauna.

Da aka kira sallar Juma'a, manaja ya fito a gurguje, ya tarar tirelar ta tare ƙofa, motarsa na ciki, sauran direbobi duk suna hanya.

"Haladu, zo ka janye ta."

"Ai dokarku ta hana wanda ba ya bakin aiki taɓa sitiyari. Ina tsoron kora."

"To, na mayar da kai aiki."

"Kilomitocin fa?"

Manaja ya dubi agogo, ya miƙo makulli. "A bar wa Inna, tsarabarta ce."