Mai Lambu da Namijin Gwanda

Akwai wani mutum da ya shuka gwanda a bayan gidansa, domin iyalinsa su ci, su kuma kai saura kasuwa. Rijiyarsa ba ta da ruwa da yawa, ya kuwa sani in rani ya tsananta ba za ta iya shayar da itatuwan duka ba. Dole ya sare waɗansu. Amma waɗanne? Ganyensu iri ɗaya, tsayinsu iri ɗaya.

Da suka yi fure, sai ya ga bambanci. Waɗansu sun fitar da ƙananan furanni masu yawa a kan dogayen sanduna, suna ƙanshi. Waɗansu kuwa fure ɗaya ɗaya ne, babba, manne da jikin itacen. Mutumin mai son sanin dalilin abu ne, sai ya tsinko ɗaya daga kowane iri, ya buɗe da farcensa. A cikin ƙaramin bai sami kome ba sai gari rawaya. A cikin babban ya sami wani ɗan ƙullutu kore kamar ƙwan tsuntsu, da ɗan kai mai danƙo a bisansa. Kowace safiya yakan je ya duba. Ya ga ganyen furen suna bushewa suna faɗuwa, ƙullutun kuwa yana girma, har ya gane cewa shi ne gwandar. Matarsa ta yi ta yi masa ba'a, tana cewa ya zama ungozomar gwanda.

Ta haka ya bambanta itatuwa mata, masu yin 'ya'ya, da maza, waɗanda ba sa yi. Ya ɗauki adda ya sare mazan duka. Matarsa ta roƙe shi ya bar ko ɗaya saboda ƙanshinsa, amma ya ce ƙanshi ba ya cika kwando.

Matan suka ci gaba da yin fure, amma kowane sabon ƙullutu sai ya yi rawaya ya faɗi. Ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, bai ga canji ba. Sai ya tafi fadama wurin wani tsoho wanda gwandojinsa suka yi nauyi da 'ya'ya. A tsakiyarsu ya ga namiji guda a tsaye, ƙwari suna tashi daga furanninsa da gari a jikinsu, suna sauka a kan na matan. Ya ce, “Baba, me ya sa kake shayar da wannan rago da ba ya yin 'ya'ya?”

Tsohon ya yi dariya ya ce, “Ɗana, in na sare shi, wa zai auri 'yan matan nan?”

Mutumin ya koma gida, ya dubi kututturan mazan da ya sare, ya gane abin da ya hana matan yin 'ya'ya.

Ma'anar wannan misali ita ce, lambun shi ne ikkilisiya, itatuwan kuwa mu ne. Mutumin bai yi kuskure wajen bambanta su ba, ya lura sosai. Kuskurensa shi ne ya ɗauka wanda ba a ga 'ya'ya a jikinsa ba, ba shi da amfani. A cikinmu akwai masu share majami'a, da masu zama wurin marasa lafiya, da tsofaffin da ba su da ƙarfin kome sai addu'a. Ba a ambaton sunansu ranar godiya, amma ta wurinsu Ubangiji yake sa 'ya'yan waɗansu su nuna. Kafin ka ce ɗan'uwanka yana shan ruwa a banza, ka ajiye addarka, ka tambayi Ubangiji, Mai lambun na gaskiya, abin da ya sa ya dasa shi kusa da kai.