Tafintan da Ya Toshe Hanyar Ruwa

An yi wani mutum a wani ƙauye na masu noman lemon tsami a kudancin Sifaniya. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da ransu. Ya daɗe yana aiki a otal-otal na bakin teku, ya dawo gida da Turanci a bakinsa. Duk ƙauyen shi kaɗai ke jin harshen, saboda haka in baƙo ya zo, shi ne tafinta.

Akwai wani busasshen rafi da ya ratsa ƙauyen. Sai a yi shekara da shekaru ba a ga ɗigon ruwa a cikinsa ba, har mutane na ajiye motoci a ciki ranar kasuwa. Amma tun kaka da kakanni ba a gini a cikinsa, ba a dasa ko itace ɗaya.

Gonar mutumin nan tana ƙetaren rafin. Sai ya ƙudura zai cike shi da ƙasa, ya ja katanga, ya yi hanyar da motar lemo za ta riƙa bi har ƙofar gonarsa. Hakan ba ya yiwuwa sai da yardar taron manoma. Manoman suka ce a fara jin ta bakin Madam Gillian, wata Baturiyar Ingila, injiniyar gadoji, wadda ta yi ritaya ta sayi gida a ƙauyen.

Ta duba wurin, ta tsaya gaban taro ta yi dogon bayani, tana nuna unguwar gangare da hannu. Ta yi ta nanata wata kalmar Turanci mai nufin abin da aiki ke jawowa a bayansa. Mutumin nan ya san fassararta sarai. Akwai consecuencias, wato sakamako. Akwai secuelas, tabon da masifa ke bari bayan ta wuce. Ya tsallake su duka, ya ce wa jama'a molestias, wato 'yar takura, irin ta ƙurar gini.

Yayarsa Fuensanta, wadda gidanta ke gangaren, ta miƙe. "Kai, ƙanena, matar nan ta yi magana har jijiyar wuyanta ta tashi, kai kuma ka ba mu kalma ɗaya? Ina sauran?"

"Yaya, in kin iya Turancin, ga fili ai," in ji shi. Aka kwashe da dariya.

Wani tsoho, Baba Fulgencio, ya ce, "Ɗana, da idona na ga rafin nan ya tafi da alfadari da amalankensa."

"Baba, alfadarin ya mutu, ruwan ma ya mutu. Ko kwaɗi sun yi ƙaura daga rafin nan, ku ne kawai kuka rage kuna gadinsa."

Aka ɗaga hannu, aka yarda. Fuensanta kaɗai ta ƙi. Ta ce masa a gaban kowa ba za ta taɓa taka hanyar nan ba, kuma ba ta taka ba. Aka cike rafin, aka ja katangar, aka yi hanyar.

Ya 'yan uwa, ku lura, mutumin nan bai saci komai ba, bai doki kowa ba. An ba shi magana ya kai, ya rage ta a hanya.

Wata shekara da kaka, ruwan sama ya ɓarke a kan duwatsu. Kafin a tashi daga cin abincin rana, rafin ya taso jajawur, ɗauke da itatuwa. Ya bugi katangar, bai sami hanya ba, ya juya ya afka unguwar gangare. An ciro Fuensanta daga kan rufi. Mijinta Ginés, wanda ƙafafunsa suka shanye, ba a samu damar fito da shi ba.

Kuna tsammani tafintan ya sunkuyar da kai? A wurin jana'izar ma cewa yake, "Ni na yi ruwan sama? Ai kowa ya ɗaga hannunsa."

Sai dai zuwa lokacin Madam Gillian ta riga ta koyi harshen ƙauyen, ko da yake a karye. Ta tsaya a ƙofar maƙabarta ta ce, "Na faɗa ranar. Na ce gidaje. Na ce mutane su mutu. Me ya sa kun yarda?"

Tafintan ya buɗe baki zai yi bayani, Fuensanta ta ɗaga masa hannu. "Rufe mana baki. Yau mun ji da kunnenmu."

Daga ranar babu mai amsa gaisuwarsa. Masu tsinkar lemo suka ƙi shiga gonarsa, 'ya'yan itace suka ruɓe a ƙasa. Hukuma ta rushe katangar ta maka shi kotu. Ya bar ƙauyen yana rantsuwa an zalunce shi, har yau kuma bai nemi gafarar yayarsa ba.

Ya 'yan uwa, wa ke cikinmu da ba a taɓa aika ba? Wa bai taɓa karanta wa tsohuwa maganar likita ba, ko ya kai saƙo tsakanin masu rigima? Maganar da aka damƙa maka amana ce, ko da za ta rushe abin da kake so. Wanda ya dogara da bakinka ba shi da wani kunnen sai kai. In ka sassauta gargaɗi don biyan buƙatarka, gargaɗin kaɗai ka rage, masifar tana nan yadda take.

Allah ya tsare harsunanmu daga cin amanar waɗanda suka yarda da mu, ya kiyaye mu da taurin kai bayan kuskure. Amin.