Biza a Yamai, Gyaran Murya a Wurno

Godiya ta tabbata ga Allah, Majiɓincin bayinsa salihai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Malaminmu na Wurno, shehin da muka durƙusa a gabansa shekara da shekaru, Allah ya ƙara masa yarda, yana cikin bayin da aka haɗa wa zurfin ilimi da tsantseni. Masani ne a fiƙihu da lugga, mai yawan azumi, mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa zuwa ƙofar mai mulki da buƙata ba, yana ci daga gonarsa ta gero da ɗan lambun albasarsa. Ba ya son a ambaci sunansa a irin wannan zance, don haka ba za mu ambata ba. Abin da za mu kawo shi ne abin da ya sami ɗalibinsa Almustapha, wanda da yawanmu shaidu ne a kan rabinsa.

Almustapha mutumin Boyekai ne, a ƙasar Goronyo. Ya yi karatu a zauren Malam yana saurayi, sannan ya koyi gyaran injin ban-ruwa a fadamun da ke ƙasan madatsar Goronyo, har hannunsa ya faɗa. Wannan sana'a ce ta kai shi wata ƙasa a hayin teku, inda wani kamfanin noma ya ɗauke shi aiki. Da wannan aiki yake riƙe da mahaifiyarsa Kaltume, da matarsa, da marayun yayansa. Bizarsa ta aiki takan ƙare, sai ya dawo gida ya sabunta. A wannan shekarar kuwa ƙasar ta mayar da sabunta irin wannan biza ofishin jakadancinta da ke Yamai, a Nijar, aka sa masa ranar zuwa.

Yana cikin hutun ne ruwa ya yi ambaliya, ya rushe ɗakunan mahaifiyarsa. Bai iya tafiya ya bar ta a makarantar da aka tsugunar da mutane ba, sai ya nemi a ɗaga masa rana, ya tsaya ya tayar da gini. Kafin sabuwar ranar ta zo, wa'adin takardar da kamfanin ya ba shi, wadda ke shaida cewa har yanzu ma'aikacinsu ne, ya wuce. Ya yi ta kiran manajansa ba a ɗauka, ya tura saƙo babu amsa. In ya sake rasa wannan rana kuwa, hutunsa zai ƙare, a ba wani aikin.

Ya zo Wurno ya sami Malam bayan la'asar, ya zayyana masa komai. A ransa yana sa ran rubutun sha ko wani laƙani da zai riƙa karantawa a hanya. Malam ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ce:

"Tahi da takardarka yadda take. In an tambaye ka, ka hwaɗi abin da yat tsaishe ka."

"Allah shi gafarta Malam, ai ta mutu."

"Na jiya. Allah shi kai ka lahiya."

Iyakar abin da ya samu ke nan. Ya tashi, ya bi ta Sakkwato da Illela, ya ƙetara Ƙonni, ya wuce Doso, ya sauka Yamai wurin Lawwali, wani ɗan Rabah mai fataucin albasa.

Ranar Talata da hantsi yana ƙofar ofishin. Mutane sun yi layi a jikin katanga, kowa da jakar takardunsa a ƙirji. A hayin titi akwai rumfunan masu ɗaukar hoto da buga takardu, kuma daga cikinsu ne wani mai fara'a, wanda ake kira Shafi'u, ya tako yana duba wa mutane takardu kamar mai taimako. Da ya ga ta Almustapha sai ya girgiza kai.

"Wagga ba ta shiga, ɗan'uwa. Suna ganin kwanan wata za su turo maka ita. Amma abu mai sauƙi na. In sa ta ga inji in gyara kwanan, ko wanda yar rubuta ta ba ya ganewa."

Kusa da Almustapha a layin akwai wani magini mai furfura, mutumin garin Tawa, wanda tun safe suke hira, har sun karɓi lambar juna. Shi ma tasa takardar ta kwana biyu da mutuwa, shi ma yana saurare. Almustapha ya tuna maganar Malam, amma ya tuna ɗakin da ko yaɓe ba a gama ba, da bakunan da ke jiransa. Ya ce a ransa ai ba ƙarya ba ce, shi ma'aikacinsu ne, kwanan wata kawai za a taɓa. Ya zaro takardar ya miƙa.

Shafi'u ya kama gefenta ke nan, sai Almustapha ya ji gyaran murya a bayan kunnensa na dama. Duk wanda ya taɓa karatu a gaban Malam ya san wannan gyaran murya, domin da shi yake tsayar da ɗalibi in ya yi tuntuɓe a nassi. Sannan muryar ta ce, a hankali, yadda ta saba:

"Almustapha, maida hannunka."

Ya waiwaya. Babu kowa sai wata mata mai goyo da ɗan sanda a jikin ƙofa. Ya janye takardarsa ya mayar jaka, ya ce wa Shafi'u ya fasa. Maginin kuwa ya miƙa tasa, aka tsallaka titi da ita. Almustapha yana kallo, bai ce masa komai ba, domin hankalinsa yana kan abin da ya ji.

A ciki, ma'aikaciyar da ke bayan gilashi ta ɗora yatsa a kan kwanan watan, ta ce wannan ta wuce wa'adi. Ya ce haka ne. Ya faɗa mata labarin ambaliyar, ya nuna mata hoton ɗakunan a wayarsa. Ba ta nuna tausayi ba, ba ta kuma kore shi ba. Ta ce ya zauna, domin yanzu ba sa karɓar takardar kowa sai sun kira kamfanin da ya rubuta ta. Ya zauna yana salati, ya san wayar da ya yi ta kira ba a ɗauka ita za a kira. Bugu ɗaya aka ɗauka. Manajan ya yi doguwar jinya ne, a ranar ya koma ofis. Ya shaida Almustapha, ya turo sabuwar takarda nan take, aka karɓi fasfonsa aka ce ya dawo ya ɗauka.

Da aka kira kamfanin maginin, kwanan da suka faɗa ya saɓa da na takardarsa. Aka buga masa hatimin hani a fasfo. Almustapha ya fito ya gan shi zaune a bakin kwalbati, hularsa a gwiwa. Kunya ta hana shi tsayawa, ya wuce.

Rabin da muka shaida kuwa shi ne wannan. A wannan Talatar da hantsi muna zaure, ɗan'uwanmu ɗalibi Abdulƙadiri yana karanta babin ciniki, sai Malam ya yi gyaran murya. Abdulƙadiri ya koma farkon layi ya sake karantawa, bai ga inda ya kuskure ba. Muka ɗaga kai, muka ga Malam ba littafi yake kallo ba, ya juya fuskarsa yamma. Ya ce, "Almustapha, maida hannunka." Babu mai wannan suna a cikinmu. Sannan ya dubi Abdulƙadiri ya ce, "Ba kai na ba. Ci gaba." Muka ci gaba da karatu.

Da Almustapha ya dawo da bizarsa, ya iske mu a zaure kafin Malam ya fito, ya ba mu labarin muryar. Maganar maginin kam bai yi ta ba. Abdulƙadiri ya tambaye shi rana da lokaci, ya faɗa, sai ya zo daidai da lokacin da muka ji Malam ya kira sunansa. Muna cikin haka Malam ya fito, Almustapha ya durƙusa.

"An samu?" in ji Malam.

"An samu, Allah shi gafarta Malam. Ni dai na ji..."

"Ni ban bar buzuna ba. Allah ka tsare bawanai." Ya gyara zama, sannan ya ce, "Dattijon da ke kusa da kai hwa? An riƙe hannunka, kai ba ka riƙe nashi ba."

Almustapha ya sunkuyar da kai, hawaye suna sauka a kan tabarma. Malam bai ƙara masa da faɗa ba. Ya ce ya kira mutumin yanzu, a gabanmu. Aka kira, Almustapha ya nemi gafararsa, Malam ya karɓi wayar ya yi masa magana a hankali, ya ɗaga hannu muka yi masa addu'a tare. Kafin Almustapha ya koma bakin aikinsa, sai da ya aika wa maginin kuɗin mota. Maginin ne ya zo Boyekai ya ƙarasa ginin Kaltume, daga nan mutanen da ruwa ya yi wa ɓarna suka yi ta kiransa, har yau bai rasa aiki ba a ƙasar Goronyo.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah ya gudanar a hannun wannan bawa nasa, mai gani da hasken taƙawa, wanda bai taɓa jingina wa kansa komai ba. Ya Allah ka ƙara masa lafiya da kusanci, ka amfane mu da albarkarsa, ka riƙe hannuwanmu a lokacin da za su miƙa ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka kuma ba mu ikon riƙe na wanda ke kusa da mu. Amin.