Marurun Dagacin Kwarin Maje

A zamanin da tsuntsaye ba su daina sa baki a harkar mutane ba, an yi wani dagaci a Kwarin Maje ana ce masa Nomau, mutum mai tumbi da son raha. Wata shekara maruru ya fito masa a inda ba a nuna wa jama'a, wato a mazaunai, ɓangaren hagu. Kwana shida yana shari'a a tsaye. Fadawa suka ɗauka sabon salon mulki ne, su ma suka miƙe, masu kawo ƙara suka bi sahu. Gari duk ya koma tsaye kamar ana sallar gawa.

Ba magani aka rasa ba. Akwai ɗakin shan magani a bakin kasuwa, sai dai malamin da ke ciki, Malam Sambo, shi ne mahaifin Kulu, matar Dagaci. Nomau kuwa ko a hanya suka haɗu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. To, mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, shi zai kwance wa mazagi? Ya ce gara mutuwa. Mutuwar kuwa ta ji, ta fara shiri, ta aiko da kaluluwa da zazzaɓi.

Rana ta bakwai da hantsi ya lallaɓa wurin shanunsa, ya dafa turke yana nishi. A nan akwai wani carki, tsuntsun nan mai jan baki da ke cire wa shanu kaska. Allah ya hore masa magana, bai hore masa kama baki ba.

Carki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni gyambo sana'ata ce, tun daga nan nake jin warin naka. In ka yarda, in ba ka labarin Duna."

Dagaci ya ce, "Wane ne Duna?"

"Jaki ne, ranka ya daɗe. Ba da kai nake ba."

Sai carki ya gyara tsayuwa a kan tozon wani sa, ya fara:

"Duna jakin wani mai tukwane ne. Shi ke gaba duk ranar kasuwa, da ƙararrawa a wuya. Akumari ya goge masa baya, wurin ya kumbura ya tara ruwa. Ya san in maigidansa ya gani, za a bar shi a gida a ɗaura wa wani ƙararrawar. Don haka kullum shi ke fara miƙa baya a ɗora kaya, har da kaɗa wutsiya. Wata tsohuwar akuya ta ga ƙudaje na binsa kamar 'yan biki, ta ce, 'Duna, matso ka ji abin da ya sami Jatau, a gidan da aka haife ni.

"'Jatau makaɗin kalangu ne. Ƙayar aduwa ta soke shi a babban yatsa ana tsakiyar bukukuwan kaka. Yatsa ya kumbura ya yi kamar gauta. Matarsa ta ce a je a duba, ya ce sai an gama bikin gidan Sarkin Pawa. Ya barbaɗa toka, ya naɗe da tsumma. Zafi ya sa yana kiɗa yana tsalle yana ihu, 'yan mata suka ce ba su taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba, har suka raɗa wa rawar suna Wayyo Yatsana. Aka gama na Sarkin Pawa, aka shiga na Sarkin Noma. Ranar da aka kwance tsumman, yatsa ya yi baƙi, baƙin ya hau har wuyan hannu. A asibitin birni aka yanke hannun don a ceci mai shi. Har gobe ana yin rawar, Duna, amma wani ke kiɗa.'

"Duna ya ce, 'Wannan ai ɗan Adam ne, fatarsu ba ta da ƙwari.' Da kasuwa ta zagayo, a tsakiyar hanya ƙafafunsa suka ƙi, ya zube, tukwane suka tarwatse. Aka ɗaga akumari, sai tsutsa. Ni kaina da na leƙa sai da na kau da kai, ka kuwa san ba ni da ƙyama. Kafin la'asar ƙararrawa na wuyan wani jakin, ungulaye sun zo gaisuwa. Shi dai Duna ƙararrawa yake tsoron rasawa. Kai me aka ɗaura maka, ranka ya daɗe?"

Dagaci ya fashe da dariya, dariyar ta taɓo maruru, ta koma ihu. Ya ce, "Kai tsuntsun banza, surukina ne fa!"

Carki ya ce, "Na sani. In ka mutu, cikin dattawan da za su yi maka wanka har da shi. Abin da kake ɓoyewa duk zai gani, ga 'yarsa kuma cikin takaba."

Nomau ya saki turken. Tsoro ya kama shi, tausayin Kulu ya fi tsoron yawa. Ya ce, "Ka yi gaskiya, ja'iri." Ya ja rawani ya rufe fuska sai ido, ya nufi bakin kasuwa yana tafiya a karkace, fadawa na biye da shi, su ma a karkace.

Malam Sambo ya kori fadawa ya rufe ƙofa. Bai gai da Nomau ba, bai dubi fuskarsa ba. Ya wanke hannu ya tsaga wurin, mugunya ta kusa cika kwano, Dagaci ya yi ƙarar da ta tashi tantabarun kasuwa. Aka wanke, aka ɗaure, aka yi allura, aka ba shi ƙwayoyin kwana bakwai.

Sannan tsohon ya juya ya fuskanci bango, ya ce, "Kulu ta gaya mini tun ran Talata. Sau uku ina ɗaukar jakata in zo har ƙofar gidanka, kunya ta mayar da ni. Da an ƙara kwana biyu da ya shiga jini, da ni da kai mun haɗu mun kashe mata miji."

Daga cikin rawani Nomau ya ce, "Baba, a yafe mini."

Malam Sambo ya share ido da bayan hannu, ya buɗe ƙofa, ya tarar da rabin gari a tsaye. Ya ce, "Me kuke jira? Ni yau ban ga Dagaci ba. Wani bawan Allah ne ya kawo maruru."

Ran Juma'a Nomau ya fito fada, ya sauka a hankali a kan buzu. Sai a sannan mutanen Kwarin Maje suka zauna, tsofaffi na matsa gwiwa suna hamdala.